Ranar da Aka Kori Baburan Ruwa

Ni dai ba na son kifi. Ba na son ƙarninsa, ba na son gyaransa, kuma har yau ban gane abin da ke sa dattijo mai hankali ya zauna a kan dutse daga la'asar zuwa magariba yana jiran abin da ake sayarwa a kasuwa ba. Amma ni ce mai mota a gidanmu, yayyena maza kuma duk suna aiki ranar Juma'a, saboda haka ni na zama direbar Baba zuwa bakin teku.

Fatsar nan ba tsohuwar sana'arsa ba ce. Rushe unguwarmu Karantina ne ya kawo ta. A can aka haife ni, a can iyayen Baba suka sauka da suka taso daga Sudan suka ƙetaro teku zuwa ƙasa mai tsarki, kuma bango ɗaya ne ya raba gidanmu da na Baffa. Baffa ba ɗan'uwan Baba ba ne na jini, maƙwabci ne, amma ban taɓa sanin wani sunan da zan kira shi da shi ba. Idan Baba ya yi tari da asuba, ta bayan bango Baffa ke ce masa sannu. Da yamma kuma suna kan benci ɗaya a ƙofar gida suna musu a kan abin da rediyo ya faɗa, kowa na rantsuwa ɗayan bai ji daidai ba.

Da aka rushe unguwar, mu muka samu haya a Madain Fahd, hawa na uku, ba lif. Baffa, da yake matarsa ta riga ta rasu, sai ya koma Kurayyat, gidan mijin 'yarsa. Duk wanda ya san kunyar surukuta ya san irin zaman da wannan yake. Mutumin kirki ne surukin, bai rage shi da komai ba, amma Baffa ba ya cin abinci a gabansa, ba ya ɗaga murya, balle ya kira aboki hira a gidan da ba nasa ba. Gwiwoyinsa kuma ba sa hawa benenmu. Sai suka samo wani lungu a bakin teku ta kudu, inda duwatsu suka ɗan shiga cikin ruwa, suka mayar da shi bencinsu. A nan ba mai gida, ba baƙo.

Akwai kuma abin da kowa ya sani ba wanda ke faɗa. Kafilin Baffa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya rasu, magadansa ba su bi ta kan takardunsa ba, iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu. Shi ya sa bai taɓa yarda ya shiga motata ba. Na roƙe shi har na gaji. Ya ce, "'Yata, in an tsayar da mu a hanya, ke za a fara tambaya. Ba zan ja miki ba." Wani mai motar kayan miya na unguwarsu ne ke sauke shi a bakin titi, ya dawo ya ɗauke shi bayan magariba.

Baba ba ya fatsa da sanda. Ya ce sanda ta masu kuɗi ce da malalata. Igiyar roba ce da shi a naɗe a jikin wani katako, da dalma da ƙugiya a bakinta. Sai ya soka jatan lande, ya wurga, sannan ya naɗe igiyar sau biyu a ɗan yatsansa manuni don ya ji motsin kifi. Na yi masa faɗa a kan naɗin nan ba sau ɗaya ba, don yana da ciwon suga, ɗan ƙaramin rauni sai ya yi wata bai warke ba. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Uwata, ke dai zuba shayi." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka, kuma da shi yake rufe mini baki.

Masu baburan ruwa, waɗanda a nan muke kira dabbab, su ne abokan gabarmu. Samari ne, suna hayar baburan a wata gaɓa da ke gaba da mu, kuma na rasa abin da ya hana su wasa a tsakiyar teku mai faɗin nan. Sai sun zo dab da duwatsu su murɗa kan babur, ruwa ya taso ya jiƙa mana tabarma, kifi ya watse, igiyoyi su sarƙe. Ni kam raina ɓaci yake, in miƙe ina zazzaga musu masifa da Larabci, ƙarar inji na cinye muryata. Baffa yana da tasa dabarar. Sai ya ɗaga musu hannu, baki har kunne, yana cewa da Hausa, "Allah ya shirye ku, 'ya'yan asara. Allah ya sa manku ya ƙare a tsakiyar ruwa." Su kuma su ɗago masa hannu suna murna, a zatonsu gaisuwa ce. Baba ya yi ta dariya har da hawaye.

Akwai wani injiniya daga Kano da ya zo aikin kwantiragi, yana zuwa da sanda mai tsada da akwatin kaya. Ranar da ya fara jin Hausa a kan duwatsun nan, kamar ya yi kuka don daɗi. Ya durƙusa ya gaishe da dattijan, mako na gaba ya zo musu da kilishi. Ya ƙaunace su, su ma sun ƙaunace shi. Shi ne ya fara gaya mana akwai doka: an hana baburan ruwa matsowa kusa da gaɓa da wuraren masu fatsa, kuma akwai lambar da ake kira. Duk lokacin da ya tayar da maganar, Baba sai ya ce, "To, Allah ya kyauta," Baffa kuma ya tambaye shi nawa ake sayar da buhun gero a Kano yanzu. Ba wanda ya gaya masa dalili. Maganar takarda ba a yin ta a fili, ko da Bahaushe ne ɗan'uwanka, kuma ba don ana zarginsa ba. Haka muka taso.

Ranar da abin ya faru, ina tsiyaya shayi ne na ji Baba ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Wani babur ya bi ta kan igiyarsa, ta maƙale a jikinsa, ya fizge ta da gudu. Kafin igiyar ta tsinke ta riga ta yanka yatsan har kusa da ƙashi. Jini ya wanke masa gaban jallabiya. Injiniyan ya rugo da akwatinsa, ya fito da auduga da bandeji, ya danne wurin da ƙarfi. Baffa ya riƙe ɗaya hannun yana ta salati.

Ni kuwa idona ya rufe. Na ga lambar babur ɗin, na zaro waya.

Baba ya ce, "Uwata, ajiye wayar nan."

Na ce, "Ya Baba, halas, ya isa haka! Dubi hannunka! Wallahi yau sai sun gane kurensu."

Ya ɗago ya dube ni, fuskarsa duk gumi, sannan ya karkata ido wajen Baffa. Ya sake cewa a hankali, "Na ce ki ajiye."

Na ajiye. Sai injiniyan, yana ɗaure bandeji, ya ce, "Baba, kada ka damu, na riga na kira su tun yaran nan suna zagayen farko. Suna hanya. Wannan abin ya isa haka, ai ƙasa ce mai doka."

Baffa ya saki hannun Baba, ya sunkuya ya fara naɗe igiyarsa a jikin katako, a nutse, kamar dai magariba ce ta yi. Ya sa takalminsa. Bokitinsa da kifin sha'ur biyu a ciki ya tura shi gefen ƙafata. Ya ce, "'Yata, ki kai shi asibiti, kada ki biye masa." Ya dubi Baba ya ce, "Malam, sannu." Baba ya ce, "Yalla, tafi. Bi ta bayan rumfunan can." Na bi shi da kallo yana taka duwatsu da gwiwoyin nan nasa, yana dafa wannan yana dafa wancan, ya bar amininsa cikin jini. Na san abin da tafiyar nan ta ci masa a rai, kuma ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a lokacin ba.

Injiniyan ya ce, "Ina Baffa zai je?" Baba ya ce, "Alwala."

Masu sintirin gaɓar teku sun zo, kuma ba ni da abin da zan ce a kansu sai alheri. Sun gaishe da Baba da ladabi, sun duba iƙamar duk wanda ke wurin kamar yadda aikinsu ya tanada, sun sa aka kamo yaron. Da ya cire rigar ruwa ya tsaya a gabanmu, sai na ga ashe bai wuce sa'ar autanmu ba. Ya sumbaci kan Baba yana neman gafara da Larabci, "Samihni ya ammi, wallahi ban ga igiyar ba." Na yarda bai gani ba. Igiyar roba a kan ruwa ko mu da muke zaune ba ma ganinta. Na so in ci gaba da jin haushinsa, abin ya gagara. Baba ya ce ya yafe, ba ya neman komai. Tarar doka dai sai da aka ci shi.

An yi wa yatsan ɗinki, kuma cikin ikon Allah ya warke, ko da yake ya ɗauki lokaci, kuma har yanzu ba ya lanƙwasuwa sosai. Da muka koma bakin teku sai muka tarar da wuri ya canza. An jera jajayen ƙwallaye a kan ruwa, baburan na can bayansu, ƙararsu da ƙyar take isowa. Motar sintiri tana tsayawa a bakin titi duk Juma'a, wani lokaci su sauko su zaga. Ruwa ya kwanta, kifi ya dawo, iyalai sun fara zuwa da yara. Dokar ta yi aikinta yadda aka tsara ta, kuma duk mai adalci zai ce an gyara. Injiniyan ma ya samo wa Baba sanda, ya ce ba sauran naɗa igiya a yatsa. Baba ya karɓa ya yi godiya.

Baffa bai dawo ba. Injiniyan ya tambaya sau biyu, aka ce masa gwiwa ce, ya aika masa da man zafi. Har ya gama kwantiraginsa ya koma gida bai sani ba, kuma na ji daɗin hakan, don da ya sani da ya hana kansa sukuni a kan abin da ya yi da zuciya ɗaya. Baba yana kama kifi fiye da da, ya zuba a bokiti ba tare da ya duba ba. Ba ya musu da kowa. Wata Juma'a muna zaune ya naɗe kayansa tun rana da saura, ya ce, "Uwata, kai ni Kurayyat."

Surukin Baffa ya tarbe mu kamar wasu manyan baƙi. Aka buɗe falo, aka kunna turare, aka kawo gahawa da dabino, aka ce sai mun ci abinci. Baffa ya fito cikin wankakkiyar jallabiya da hula, ya zauna a bakin kujera. Surukin ya zauna a can gefe don girmamawa, shi kuma zamansa ya ɗaure wa Baffa harshe. Suka gaisa. Ina gajiya, ina iyali, yaya hannu, yaya gwiwa. Suka sake gaisawa. Baba ya ce kifi ya dawo, Baffa ya ce madalla. Mutanen da na sani suna katse juna da ihu a kan labaran rediyo, ga su suna kallon kofunan gahawa. Ina daga ƙofar ɗakin mata ina leƙe, ni da 'yar Baffa.

Ba mu daɗe ba Baba ya ce za mu koma. Baffa ya miƙe da ƙyar, ya biyo mu har ƙofar gida, ya sauko matakala, ya taka da mu har bakin mota, yana waiwayen titi. Ya buɗe wa Baba ƙofa da kansa. Ya ce, "Na gode ƙwarai da wannan ziyara. Allah ya ba da lada. A gaida gida."

Muka kama hanya, muka yi nisa. Na ce, "Ya Baba, ai sai mu riƙa zuwa duk Juma'a, ba wahala."

Yana kallon taga ya ce, "Kin ga ya rako ni?"

Na ce na gani, ai mutunci ne.

Ya ce, "Tun kafin a haife ki muke tare da mutumin nan, bai taɓa yi mini rakiya ba. Baƙo ake rakawa."