Kwanon da ke Tsakanin Ketura da Hajja Yagana

Duk wanda ya daɗe a layinmu na Gomari ya san Mama Ketura, tsohuwar malamar firamare, mutuniyar Biu. Rabin 'yan Keke Napep ɗin unguwar nan ita ta koya musu haɗa baƙi, shi ya sa har yau suke sassauta gudu idan sun zo ƙofarta. Ni teburin ɗinkina yana kallon gidanta, ba abin da ke wuce ni.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da Hajja Yagana, Babarbariya, dukansu biyu mazajensu sun rasu. Akwai wani tsohon kwanon samira mai murfi da ke kai da kawowa tsakaninsu tun 'ya'yansu na rarrafe. Ketura ta aika da tuwon dawa da miyar yakuwa, Hajja ta maido shi da burabusko. A nan ba a mayar wa maƙwabci kwano wayam, ko da ƙosai biyu ne sai an saka. Yanzu ko su ba su san mai kwanon ba.

Obadiah, ɗan Ketura da ke aiki a Abuja, shi ya tayar da zancen ta koma wurinsa. Ya zo hutu da wani jadawali a wayarsa, an jera jihohi bisa daɗin zama, wato wuta da ruwa da asibiti da tsaro. Ya yi ta jan yatsa ƙasa kafin ya iso Borno.

"Mama, ki duba inda muke," in ji shi. "Ga hawan jininki. In ya tashi, wa zai kai ki asibiti?"

Na so in ce ya raina mu, amma yaron bai yi ƙarya ba, tsoro ne kawai yake ji. Daga baya Ketura ta haɗa kaya.

Ranar tafiya ta kai wa Hajja kwanon cike da waina, wai an yi sallama ke nan. Mota na shirin tashi sai ga Hajja tana ɗingisa ƙafa, ta tura wa Ketura kwanon ta taga, cike da turaren wuta.

"Maman Obadiah, yanzu yana hannunki," ta ce, ta juya da sauri don kada a ga idonta.

Ketura ba ta taɓa kushe Abuja ba. Ta gaya mini ruwa na zuwa har ɗaki, asibiti kusa, jininta ma ya sauka. Sai dai a satin farko ta zuba tuwo a kwanon ta kai wa maƙwabciyar da ke fuskantarsu. Washegari maigadi ya kawo shi a wanke tas, ba komai a ciki, tare da saƙon godiya. Matar ba ta yi laifi ba, haka suke yi a can. Amma Ketura ta ce da ta ɗaga murfin sai ta zauna a bakin gado ta yi kuka, ita da ko a jana'izar mijinta ta daure.

Da Babbar Sallah ta matso ta ce wa Obadiah tana riƙe da kwanon mutane, dole ta je ta mayar. Ya yarda bisa sharaɗin sati ɗaya. Ta cika kwanon da maganin ciwon gwiwa da man shafawa da ta sayo wa Hajja a can, ta iso Gomari ana yanka raguna.

Sati ya cika, Obadiah ya kira. Ina zaune a wurin.

"Ɗana, kwanon yana wurin Hajja," ta ce. "Idan na tafi ba ta maido ba, na ci mata fuska. Bari ta kawo tukuna."

Damina ta wuce, Kirsimeti ma ta wuce. Obadiah ya gaji da tambaya, yanzu magani yake aikowa da na'urar gwada jini, ni nake ɗaura mata a hannu kowace safiya. Hajja kuwa kullum tana aika mata abinci, amma a wasu kwanuka. Rannan na shiga ɗakin Hajja awon zane, na hangi kwanon samirar can saman kabad, an ɗora masa akwati. Ta ga inda nake kallo.

"Ƙanwata, yi awonki," ta ce. "Ban sami abin da zan zuba a ciki ba tukuna."