Ɗakin da Ake Bayarwa da Rani

Keken ɗinki na fara hangowa, baƙi mai zanen furanni ruwan zinare, an ɗaure shi da tsumma a kan amalanke. A bayansa wata doguwar mata ce goye da jariri, mijinta na ɗauke da katifa. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya lokacin, duk mace da namijin da na gani tare sai na ƙaga musu labarin soyayya a raina. Su kuwa daga Kudu suka zo, mijin ya samu aiki a shagon kayan mota a unguwar PZ. Maman Obinna muke ce mata.

Gidan haya muke zaune a Muchia, kowane ɗaki da iyalinsa da yarensa. Mu ma baƙi ne, daga ƙauye Baba ya kwaso mu da ya samu aikin gona a Samaru. Ɗakin da aka ba su shi ne na ƙarshe, a gangare, bangonsa manne da kwata. Da rani kawai mai gidan yake ba da shi haya, kuma baƙo yake ba wa, bayan ya sa an rufe shatin ruwan bara da sabon fenti. Kowa ya sani, ba mai faɗa, don wanda ya faɗa shi za a kora. Ga wata al'ada kuma: motar shara ba ta shigowa lungunmu, saboda haka da hadari ya haɗo, kowane gida sai ya juye shararsa a kwata, ruwa ya tafi da ita.

Kaka Saratu, mahaifiyar Baba, tana suyar doya a ƙofar gida da yamma. In ciniki ya lafa sai ta janye itace, mu yara mu kewaye garwashin. Wata rana da farkon damina Maman Obinna ta zo ta zauna a gefe tana kashe bakin zani. Kaka ta dube ta, ta dubi wuta.

"Ga wata ta taho," in ji ta, yadda ta saba buɗe tatsuniya.

"Ta shigo, akwai wuri!" muka amsa.

Ta ce an yi wani saurayi da ya ga Rafi tana wucewa bayan gari, fara tas, tana tafe tana waƙa. Ya nemi aurenta, ta yarda, da sharaɗin ya bar mata hanyar zuwa gidan iyayenta. Ya gina ɗaki a gefenta. Da 'yan uwansa suka ji daɗin wurin sai suka biyo shi, kowa ya zo sai mijin ya ce, "Amarya, ɗan matsa." Ta matsa. Ta yi ta matsawa har ta koma siririya kamar igiya. Duk abin da suka gaji da shi kuma, tsohon takalmi, fasasshiyar tukunya, mushen kaza, sai su miƙa mata, "Kai wa iyayenki."

"Kaka, yana sonta kuwa?" na tambaya.

"Ke Hanatu, komai so! Yana sonta mana, irin son da kike wa tuwon da ba ke kika tuƙa ba."

Yara suka tuntsire da dariya. Kaka ta ci gaba. Iyayen Rafi mutane ne masu kunya, suka ce surukin da ke aiko da kaya haka dole a kai masa gara. Suka tara duk abin da aka taɓa aiko musu, suka ɗora wa 'yarsu, ta taho da dangi gaba ɗaya. Ba su yi sallama ba. Ɗakin da ya fi kusa da bakin hanya nan suka fara sauke kayan, alhali mai ɗakin baƙo ne, ko tsinke bai taɓa aikawa ba.

Maman Obinna ta ajiye allura. Hausarta ba ta nuna ba tukuna.

"Mama, wannan ɗaki, nawa ne?"

"Ni tatsuniya na yi wa yara, 'yata. Amma da ni ce mai keke, da na nemi bulo na ɗora shi sama."

Baba da ke zaune a benci ya yi ƙasa da murya. "Inna, za ki ja a watsa mana kaya waje."

"To me na ce? Rafi ce ta yi aure."

Washegari na ga mijin Maman Obinna yana shigo da bulo. Cikin watan Agusta, da rana tsaka, aka yi ruwan da ya toshe kwatar. Ya shiga ɗakinsu har gwiwa, da leda da gwangwani da abin da ba ya faɗuwa. Katifa ta lalace. Obinna ya kamu da amai da gudawa, sai da aka kwantar da shi a asibiti, Allah ya tashe shi. Keken bai jiƙe ba, kuma da shi ta ciyar da su har suka samu wani wurin. Da rani mai fenti ya dawo, aka kawo wani baƙon.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar a labarin amaryar da ba a riƙe da kyau ba, har nakan yi mata kuka. Sai da na girma na ga fadamun da muke tsinkar ganye sun zama gidaje, sannan na gane Kaka ba mugu ta nuna mana ba. Mutane ne kawai suke ta zuwa, kowa yana neman inda zai shimfiɗa tabarma.

Bara na haɗu da Maman Obinna a kasuwar Sabon Gari, ta yi furfura, Hausa a bakinta kamar Bazazzagiya. Ta gina gida a bayan Palladan, a kan tsohuwar hanyar ruwa, don nan ƙarfinta ya kai. Akwai ɗaki ɗaya da take bayarwa haya.

"Ban taɓa yi masa fenti ba," in ji ta. "Duk wanda ya zo sai na nuna masa inda ruwa ke tsayawa."

"Suna fasawa?"

"Hanatu, su fasa su je ina? Har yau bai taɓa zama ba kowa ba."