Masana'antar Habibullahi a Gindin Tsamiya

Duk wanda ya bi ta fadamar Alelu da rani ya san Habibullahi, dogon mutumin nan mai yawan shiru da ke zama a gindin tsamiya da waya a hannu, injin ban ruwa na ta ƙara a gefensa. Baƙo zai ɗauka hira yake da wani a waya. Mutanen gari kuwa sun san gini yake yi.

Tun yana yaro yake son ƙarar inji. In an aike shi niƙa a Jega, sai ya tsaya kallon bel yana juyawa har a manta da shi. Da ya girma ya samu aiki a wani kamfanin gyaran shinkafa can birni, ya yi shekaru yana kula da injinan casa, ya yi aure, ya haifi 'yarsa Ramatu. Sai ƙurar ƙaiƙayi ta kama masa ƙirji. Tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita ya ce ko dai ya bar wurin ko wurin ya ƙarasa shi. Haka ya kwaso matarsa Zulfa da 'yar suka dawo gida, ya karɓi gonar albasar mahaifinsa.

Watannin farko bai ji daɗin komai ba. Shirun ƙauye ya yi masa yawa. Mijin ƙanwarsa, Yasir, mai gyaran waya a kasuwar Jega, shi ya lura da haka, ya karɓi wayarsa wata ranar kasuwa ya saka masa wani gem, irin wasan nan na waya. A cikinsa ana ba mutum fili fetal, ya haƙo tama, ya narka, ya shimfiɗa bel daga wannan inji zuwa wancan, har ƙaramar bukka ta zama gari guda na ƙarfe mai aiki da kansa.

Habibullahi ya faɗa ciki tsundum. Da hantsi in ya tada injin ruwa ya buɗe wa kwamin farko, sai ya jingina da tsamiya. A tafin hannunsa guntayen ƙarfe na tafiya a jere kamar tururuwa, a gabansa kuma ruwa na bin lambatu yana shiga kwami bayan kwami. Wani lokaci idonsa kan yi nauyi, abubuwan biyu su gauraye masa, ya ga kamar albasa ce ke hawa bel, balbelu kuma su ne ma'aikata cikin fararen riguna. Yakan farka yana murmushi, ya tashi ya juya ruwa.

Mahaifiyarsa Inno ta taɓa kawo masa fura da kanta don ta ga abin da ake faɗa. Ta daɗe tana leƙen wayar, sannan ta ce, "To duk wanga gari da ka gina, wa ka kwana cikinai?"

Ya ce babu kowa, injina ne kawai. Ta girgiza kai ta ce Allah ya kyauta, amma ba ta tafi ba sai da ya nuna mata inda ƙarfe ke fitowa jajur daga wuta, ta ce lallai wannan yana da kyau.

A gem ɗin ma akwai itatuwa, kuma hayaƙi na busar da su. Sauran masu bugawa sharewa suke su wuce. Shi bai iya ba. Yakan karkata bel ya zagaye kurmi, ko da aikin zai yi jinkiri. Yasir ya sha yi masa dariya, yana cewa bai taɓa ganin masana'anta mai kwana-kwana kamar hanyar shanu ba.

A hankali fadamar ta shiga ransa ba tare da ya sani ba. Ya gane lokacin da zalɓe ke sauka bakin ruwa, ya san kukan kurciya daban da na hasbiya. Ranar da shamuwa ta fara dawowa, ya ajiye wayar a kan tabarma ya bi ta da ido har ta ɓace bayan giginyu. Da ya waiwayo, bel ɗinsa ya cushe, komai ya tsaya cik. Bai damu ba.

Bara ƙirjin ya warke, tsohon ubangidansa na kamfanin shinkafa ya aiko a kira shi ya koma aiki, da alkawarin ɗaki mai iska nesa da ƙura. Zulfa ta ce ya je ya gani da idonsa, kada ya zauna yana ta saƙe-saƙe. Ya je. Ya tsaya a tsakiyar injinan da ya sani, ya dafa ɗaya ya ji rawar ƙarfen ta ratsa hannunsa, har ƙwalla ta zo masa. Ya yi wa mutumin godiya ƙwarai, ya ce aikin dai a ba wani.

Motar yamma ya biyo. Daga Jega ya hau ɗan acaɓa, suka iso Alelu rana na shirin faɗuwa, shanun Fulani na tsallaka hanya. Ramatu ta tarbe shi a ƙofa tana ba shi labarin akuyarsu ta haifi tagwaye, ya wuce da ita bayan gida su gani.