Ɗan Dako a Tashar Gwarzo

Ko tsufa zai share mini komai daga kaina, ba na jin zai iya share abin da na gani a tashar Gwarzo, wata kaka a zamanin gyaɗa.

A lokacin ina kwalejin koyon aikin dabbobi. Ni kaɗai ne ɗa namiji a wurin mahaifina, mutumin wata ruga kusa da Sabon Birni, mai shanu da gonar gyaɗa, mai tsananin kunya irin ta mutanenmu. Ko ruwa ba ya sha a kasuwa don kada a gan shi. En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan lokacin, ita ce ta ɗauki nauyin karatuna, abinci da littattafai har da sabulun wanki. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni nakan ce masa karatuna kyauta ne, Baba bai kashe ko anini ba. Haka na yarda har cikin zuciyata. Da na je hutun damina ban ga shanu a garke ba, aka ce kawuna ya tafi da su daji don kada su shiga gonakin mutane. Ban sake tambaya ba.

A kakar nan sai ruwan famfo ya yanke a kwalejin, aka sallame mu tun hutu bai yi ba. Babu wanda ya san ina tafe. Muka hau babbar mota daga Kano, ni da wani abokin karatuna, ɗan wani attajirin Gwarzo. Muka sauka da hantsi, gari ya cika maƙil. Jakuna na shigowa da gyaɗa, ana awo a sikeli, 'yan dako na loda buhuna a mota, ƙura ta rufe su har ba ka bambanta wani da wani.

Abokina ya dubi akwatina na ƙarfe, ya ɗaga murya: "Tsoho! Zo ka ɗauki wannan kayan."

Wani dattijo da ya sauke buhu ya juyo, gammo a hannunsa, rigarsa ta yage a kafaɗa. Ya taho a sunkuye. Sai da ya iso gabanmu ya ɗaga kai.

Baba ne.

Hayaniyar tashar ta ɗauke mini ɗif. Shi ma ya gane ni, na ga haka a idonsa. Amma ya dubi farar rigata, ya dubi abokina, sai ya duƙa ya kama hannun akwatin, ya ce, "Ina za a kai, Malam?"

Wato so yake ya wuce a matsayin baƙo, don kada in ji kunya a gaban abokina. Wannan ya fi ganinsa da gammo gigita ni. Na zube a ƙasa na riƙe ƙafarsa, na ce, "Baba! Baba, mene ne wannan?" Abokina ya cire hula yana ta salati, yana ba da haƙuri.

"Tashi," in ji Baba a hankali. "Mutane na kallo."

Na ɗora akwatin a kaina muka kama hanyar gida, yana gaba ina baya.

Inna ce ta faɗa mini abin da ya faru, muna isa, tana share hawaye da bakin mayafi. Ciwon huhu ya shiga garke tun bara, ya kwashe mafi yawan shanun. Waɗanda suka tsira Baba ya yi ta sayar da su ɗaya bayan ɗaya yana biyan 'yan ƙodago, tunda hannun da zai taya shi noma yana makaranta. Bana babu abin sayarwa, ya noma abin da ƙarfinsa ya kai, ya fita dako. Dangi sun ce ya kira ni gida. Ya ce duk wanda ya gaya mini, ba shi ba shi.

Bayan la'asar na same shi a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida, na durƙusa na ce na bar karatu ke nan.

Ya dubi garken da ba komai a ciki. Sannan ya ce, "Ina tsaye a nan shanuna suna faɗuwa, ban san abin da zan yi musu ba. Duk rugar nan babu wanda ya sani. Kai ne za ka sani. In ka zauna, na rasa shanu, na rasa dalilin da ya sa na jure. Ka koma."

Na taya shi roron ragowar gyaɗa, na koma. Ban ƙara zama a aji kamar da ba. Duk darasin da na yi wasa da shi sai in ji kamar buhu na ƙara masa a baya.

Da na gama aka turo ni yankinmu yin allurar rigakafi. Makiyaya a lokacin ɓoye shanu suke yi idan sun ji malamin dabbobi na tafe. Baba ne ya riƙa shiga gabana, ruga zuwa ruga, har Garo da Gude, yana cewa, "Ɗana ne, ku fito da su." Don girmansa suka fito da su. Da ciwon ya sake zagayowa, shanun da aka yi wa allura suka tsaya da ƙafafunsu. Shi kam bai ƙara tara shanu kamar da ba har Allah ya yi masa rasuwa.

Tun daga ranar na daina cewa akwai karatun kyauta. In ba ka ga kana biya ba, to akwai wanda ke biya da jikinsa, kuma ba zai taɓa gaya maka ba. Ka nemi sanin ko wane ne tun yana da rai.