Takobin Taubashina

Tun da ƙodata ta yi mini yaji, likitocin Landan suka ɗaure ni da gajeriyar igiya. Sau uku a mako nake hawa bas daga Edmonton in je wankin ƙoda, in dawo gida kamar tsumman da aka matse. Zuwa Zariya kuwa ba a ma zancensa. Ni da na shekara da shekaru ina karanta wa duniya labarai a rediyo, sai ga shi labarina bai wuce hawa bas da sauka ba.

Ɗana ne ya ga zaman ya ishe ni, ya zaro wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin gadonsa na ƙuruciya, ya kunna mini wani wasa da ya girme shi. Na yi masa faɗa da Hausa cewa ni ba yaro ba ne. Ya ba ni haƙuri da Turanci, ya tafi ya bar ta a kunne.

Wasan ba wuyar ganewa. Za ka haɗa mayaƙa huɗu, ka raɗa musu suna, ka tura su cikin wani kogo mai hawa-hawa da ke gangarawa ƙasa. A can ƙarshe akwai ƙofa, bayanta akwai wani mugun sarki. Hotunan ba kyan gani, kiɗan kuma kamar ƙuda ya faɗa kwalba. Wanda ya ƙirƙiro shi dai ba ya tausayin ɗan Adam. Ba ka isa ka sauka hawa na gaba ba sai ka yi ta kashe ɓeraye da jemagu da ƙwarangwal, iri ɗaya, sau ba adadi, har mutanenka su yi ƙarfi. Daka ne kawai irin na turmi, ba dabara sai naci.

Da aka zo raɗin suna ban yi dogon tunani ba. Mu huɗu ne muka taso a benci ɗaya a ƙofar wani shagon ɗinki a Tudun Wada: tela mai shagon, da direban babbar mota, da ɗan gwaggona, da ni. Tela na ba shi baka da kibiya, tunda ya saba da allura. Direba na ba shi gatari. Ɗan gwaggona, taubashina, wanda tun muna yara kowa ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne, shi na ɗora wa sulke da takobi na sa shi a gaba don ya sha duka. Ni kuma na zama mai magani, ina laɓe a baya da ɗan sandana ina yi musu tofi.

A lokacin ciwon suga ya riga ya cinye wa taubashin nawa ido, yana kwance a soron gidansa da rediyo a gefen kunne. Da na gaya masa a waya abin da na yi, ya yi dariya har da tari.

“Wato ko a cikin na'ura sai da ka ɓuya a bayana, matsoraci,” in ji shi. “To, yau me na kashe?”

Shi ke nan ya zame mana jiki. Kullum bayan la'asar sai in kira, in karanta masa abin da ya fito a allon, ina juya shi zuwa Hausa da muryar labarai, shi kuma yana gyara mini yaƙi daga kwance. Idan aka kashe shi a wasan, akwai wani ɗaki a garin wasan inda ake kai gawa a tashe ta, sai in kai shi. Ya ce wannan kafirci ne tsagwaronsa, amma in hanzarta kada ya yi wari. Abu ɗaya ya roƙe ni, ba da wasa ba. Ya ce yana so ya ji abin da ke bayan ƙofar nan kafin a ɗauke shi. Na ce masa in Allah ya yarda zai ji.

Tela ne ya fara rasuwa. An kira ni ina kan injin wankin ƙoda, kafin in sauka daga bas har an dawo daga maƙabarta. Wanda ke zaune a ƙasar nan ba ya samun jana'iza, sai dai ta'aziyya ta waya. Da na kunna kwamfuta bayan kwana biyu, ga shi nan tsaye da bakansa, lafiya lau, yana jiran umarnina. Hannuna ya ƙi. Ba zan iya tura mutumin da ke kwance a kabari ya je farautar jemagu ba. Na kai shi masaukin da ke cikin garin wasan, na tuɓe masa kayan yaƙi, na kira taubashina muka raba gadon. Shi ne alƙali, ya ba direba takalman, ya ba ni zoben, ya riƙe hular ƙarfen don kansa wai ladan shari'a. Mun yi dariya, sannan muka yi sallama.

Wasan yana ba da dama a ɗauki sabon mayaƙi. Ɗana ya nuna mini yadda ake yi, na ce masa bencinmu ba a haya.

Ba a rufa shekara ba direba ya bi tela, muka sake rabon gado. Wasan da aka yi don mutum huɗu ya koma kan biyu, tsoho mai takobi da mai tofi. Hawan da a da muke wucewa cikin mako ya koma cin wata. In sauka, a fatattake mu, in hau in koma kan ɓerayen da na raina. Yatsuna suna ƙagewa saboda sanyi, hannun da ake sa mini allura yana zugi. Sau da yawa na tsine wa wanda ya tsara kogon nan, shi da malamin da ya koya masa. Wata rana na yi tun hantsi har azahar ina daka, mitar wuta ta ƙare ban adana ba, duk aikin ya bi ruwa. Na zauna ina kallon baƙin allo, hawaye na zuba, ni da gemuna.

Matata ta leƙo daga kicin. “Malam, ba ka yi save ba ke nan?”

“Ban yi ba.”

Ba ta ce wasan yara ne ba, ko da yake na san ta sha faɗin haka a zuci. Ta sa mayafi ta tafi shagon Baturken da ke ƙasa ta sa mana wuta.

Muryar taubashina ta fara yin ƙasa a cikin hunturun da muka isa hawa na ƙarshe. Wani lokaci ina cikin karatu sai in ji numfashin barci. Na san abin da nake ji, don haka na ƙara ƙaimi, har na fara kai mu bakin ƙofar da ƙarfin da bai kai ba. Masu gadin suka yi ta watsa mu. Na yi tunanin in ƙirƙiro masa ƙarshe in karanta, wa zai sani? Amma mutumin da ya san muryata tun kafin ta fashe ba zan yi masa ƙarya da ita ba.

“Kai bawana,” ya ce da ni wata la'asar, a hankali. “Na san dokarka. In na tafi kada ka kai ni masaukin nan.”

“Bar wannan zance, yaya.”

“Yau kuma ni ne yaya? Lallai na kusa. Ka ji dai. Wa zai gaje ni, kai? Takobin nan ya fi ƙarfin hannunka. Ka bar ni a gaba, na saba shan duka dominka.”

Ranar wata Juma'a ya cika. Ɗansa ne ya kira, ya ce an sa jana'iza bayan an sauko daga masallaci. Ban cika masa alkawari ba. Wannan baƙin cikin yana nan a ƙirjina har yau, bai ragu ba.

Na daɗe ban taɓa kwamfutar ba. Ranar da na kunna, ƙafata ta saba, sai da na kai mu ƙofar masaukin. Na gwada ɗora takobinsa a hannun mai magani, wasan ya rubuto cewa wannan mutum ba zai iya ɗaukarsa ba. Na mayar masa da abinsa, na juya mu muka koma kogo. Haka na yi ta bin bayan mamaci har bazara, yana karɓar sara, ina yi masa tofi.

Da ƙofar ta buɗe, sarkin bai ma kai masu gadinsa wuya ba. Ya faɗi, kiɗan ƙudan nan ya tashi, sai ga rubutu 'yan layuka a baƙin allo. Duk wahalar nan, abin da ke bayan ƙofar ke nan. La'asar ta yi, wayata tana ajiye a kan tebur. Na gyara zama, na gyara murya, na karanta da Hausa kamar yadda na saba. Rubutun ya ambaci sunansa, ya ambaci nawa, ya ce su biyun sun hau sama sun fito daga kogon, suka koma garinsu tare, mutane suka fito tarbarsu.

Matata tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ta jira na kai aya, sannan ta ce in tashi in ci abinci, gobe da sassafe akwai wankin ƙoda.