Muryar da Ta Tsallake Tawa

Har gobe ba zan manta da ranar da bijimi ya soki Attahir ba. A farkon shekarun 'yancin kai ne, ina ma'aikacin rediyo, aka haɗa ni da ayarin masu yi wa shanu allurar rigakafi a arewacin Takanamat. Aikina in ɗaura waya tsakanin itatuwa biyu, in kira ofishinmu na Tawa safe da yamma in ba da rahoto.

Attahir ne mai kama mana shanu. Wajen tsakar rana ƙahon ya shige masa cinya, ga motarmu ta lalace tun jiya. Shugaban ayari, Malam Idi, ya ɗaure ƙafar da rawaninsa, ya ce, "Mamman, nemo muna Tawa. Yanzu."

Na kira, na sake kira, ba abin da ke fitowa sai shuuu. Jini ya riga ya jiƙa rawanin. Ina cikin kira ke nan sai na ji wani mutum, tar, kamar a gefena yake zaune: "Mai kiran Tawa, ina jin ka. Nan Ngigmi."

Ngigmi! Can bakin tafkin Cadi, tafiyar makonni a kan raƙumi. Na ce, "Ɗan'uwa, don Allah, kana samun Tawa?" Ya ce, "Ina samun su. Faɗi, in miƙa." Haka muka yi, ina faɗi yana miƙawa. Kafin faɗuwar rana mota ta iso da malamin asibiti. Attahir ya rayu, sai dai da ɗingishi ya tsufa.

Da muka koma gari na tambayi shugabanmu na rediyo, "Ranka shi daɗe, ƙaƙa na nesa ya ji ni, na kusa bai ji ba?"

Ya ce, "Ba ka taɓa ihu gaban dutse ka ji amsa-kuwwa ba? To can sama akwai wani rufi na iska wanda ido ba ya gani. Maganarka ta hau a karkace, ta buge shi, ta dawo ƙasa. Ta bisa kan Tawa ta wuce, ta sauka Ngigmi."

Na fita waje na ɗaga kai. Sama fayau, ko ɗigon girgije babu. Na daɗe tsaye ina cewa Subhanallahi.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin ma'aikata: in kuna bakin aiki kuka ji ana kiran wani wuri ba a amsa ba, kada ku ce ba naku ba ne. Wataƙila a duk faɗin ƙasar nan, a kunnenku kaɗai kiran ya sauka.