Tukwanen Asabe

Kakata Saratu, wadda aka sa mini sunanta, ba ta yarda da kowa ba. Idan baƙo ya yaba mata akuya, to ranar a ɗakinta akuyar za ta kwana. Idan maƙwabciya ta cika gaisuwa, sai ta raka ta da ido har ƙofa, sannan ta je ta leƙa rumbu. Mu jikoki muna yi mata dariya, amma a ɓoye, don ita ce mai tatsuniya.

A ƙauyenmu da ke kusa da Kagoma, idan aka haƙe citta aka shanya, gidan duk yaji yake yi. Da an ci tuwo an yi addu'ar yamma, sai ta tura doya cikin toka, mu kewaye murhu. Takan fara da yarenmu, ta zarce da Hausarta ta kasuwa saboda 'ya'yan Fulanin da ke zaune bayan gonarmu, don su ma suna zuwa saurare. "Ga ta nan tafe," in ji ta, "wanda ya yi barci, doyanshi nawa ne."

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wai an yi wata mai ginin tukwane, ruwan randarta sanyi kamar na rafi, amma ba ta son hayaniyar kasuwa. Maƙwabciyarta Asabe ta ce ta huta, ita za ta riƙa kai mata. Asabe ba ta taɓa cutarta a ciniki ba. Sai dai duk wanda ya tambaye ta wa ya gina, murmushi kawai take yi. A hankali gari ya ɗauka: tukunyar Asabe, randar Asabe. Ranar da suka ɓata, mai ginin ta ɗora kayanta a ka ta tafi kasuwa da kanta. Masu saye suka ƙwanƙwasa, suka jujjuya, suka ce ta yi ƙoƙari, amma kwaikwayon na Asabe ne. Ta komo da kayanta, ba ta sake taɓa yumɓu ba.

Na taɓa tambayarta, "Kaka, ya sunan mai tukwanen?"

Ta daɗe tana tona wuta. "Ke kin ji na faɗa? Ba wanda ya riƙe shi. Ci doyanki, takwara."

Bana na kama ɗan shago a Kafanchan, inda nake saƙa jakunkuna da huluna. Abin da ya rage shi ne sunan da za a rubuta a allo. Ƙawata Rahila, wadda ke Sabon Tasha tana sayar da kaya ta waya, ta zo ta ga aikin, ta yi ta yabo.

"Sista, bar wahalar neman suna," ta ce. "Ki sa sunan fej ɗina na intanet kawai, ni zan riƙa sayar miki da kayan, kwastomomi sun riga sun san ni. Saratu ai sunan tsofaffin coci ne, ba zai ja yara ba."

Rahila mutuniyar kirki ce. Ita ta yi jinyata lokacin da na haihu, kuma na ji kunyar zargin da ya taso mini. Duk da haka na tambaye ta, idan aka ce wa ya saƙa, me za ta ce?

"Wa zai tambaya?" ta ce, ta yi murmushi.

Murmushin nan ya hana ni sukuni. Na tuna fasassun tukwanen da ke jibge bayan rumbun Kaka, da randar ɗakinta da ba ta bari kowa ya taɓa. Ko baƙi idan suka sha ruwanta sukan ce irin ta da ce, yanzu ba a samu. Na kira mahaifiyata na tambaye ta ko Kaka ta taɓa ginin tukwane. Sai ta ce, "Wa ya gaya miki?"

Na faɗa wa Rahila ina son ta riƙa sayar mini da kayan, amma da sunana a jikin kowace jaka. Ta ce ba damuwa. Tun ranar ba ta sake kirana ba, kuma abin yana mini ciwo. Har yanzu ban sani ba ko na gano ta ne, ko kuwa halin Kaka ne ya sa na rasa ƙawa a banza.

Da mai fenti ya zo, ya tambaye ni abin da zai rubuta. Na faɗa masa. Ya ɗaga buroshi ya dube ni.

"Saratu kawai, madam?"

Na ce, "Kawai. Amma ka yi shi da girma, mu biyu ne."